Kifin da Na Aika Yawuri

Safiya da Bashir, na sha jin kuna gaya wa abokanku wai Babanku ya koyi fatsa ne don ya ga Turawa suna yi. Bashir ma yakan ƙara gishiri, ya ce kifayen Manchester duk sun san ni, gaisawa kawai nake zuwa mu yi. Ina taya ku dariya, amma ba haka zancen yake ba. Tunda yanzu gwiwa ta fara hana ni zuwa bakin ruwa, gara ku ji daga gare ni yadda aka yi. Abin ya faru ne a shekarar da na yi ni kaɗai a Salford, dab da Manchester, kuna Birnin Kebbi tare da mamanku ana jiran takardunku, nawa fasfon kuma yana hannun hukuma, ba damar in leƙa gida ko da gobara ake yi.

Kun san gidanmu na Yawuri gidan masunta ne, amma ba ku san al'adar gidan ba, don ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba. Duk ɗa namiji, ranar da ya fara kama kifin kirki da hannunsa, ba ya sayarwa, ba ya ci. Yakan ɗauko shi ya ajiye gaban mahaifinsa, uban ya dafa kifin, a dafa masa ya ci ko da loma ɗaya ce, sannan ya sa wa yaron albarka. Daga ranar ake sa shi cikin masu ruwa. Yaya Mamman ya yi, ƙannena duka sun yi. Ni kuwa tun ban iya riƙe filafili ba aka kai ni makarantar kwana, in na zo hutu Inna ta zaunar da ni da littafi ta ce kada kogi ya ci mata ɗan boko. Haka na girma ɗan masunta da bai taɓa ciro ko ƙarfasa ba, ana ce mini Malam a gida, rabi girmamawa rabi tsiya. Ban ɗauki abin a bakin komai ba har na haura arba'in.

A ƙarshen hunturun shekarar nan Baba ya kwanta ciwo. Idonsa dama ya riga ya tafi. Yaya Mamman ne ke riƙe masa waya duk ranar Juma'a in na bugo, kuma yawanci gaisuwa ce da addu'a, sai a ce ya gaji. Ran nan bai gaji ba.

"Haruna, jiya na yi ta ƙirga 'ya'yana. Kowa na ci kifinsa, ban ci naka ba."

Na yi dariya na ce ai shi ya kai ni boko da hannunsa.

"Boko na kai ka, ban ce ka bar ruwa ba. Garin da kake babu ruwa ne?"

Na ce akwai. Ya ce to, ya miƙa wa Yaya wayar. Yaya Mamman ya fita zaure ya rage murya ya ce mini tsohon nan ba ya cin abinci sosai, in ina da abin da zan yi in yi shi da wuri. Na kira Nura, ƙanin mamanku, wanda a lokacin yake karatu a jami'ar Aston da ke Birmingham, don na san zai je gida hutun Ista. Ban gaya masa dalili ba, na dai ce ya bar mini ɗan wuri a jakarsa. A raina na ƙudura zan kama kifi a ƙasar nan kafin ya tashi, in yi bandarsa, ya kai wa Baba.

Ku da kuka tashi gida cike da hayaniya ba za ku gane irin zaman da nake yi ba a lokacin. Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, tagarsa na kallon bangon wani sito. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, inda kowa ke sunkuye kan nasa. Daga an idar da sallar Juma'a an yi musabaha a ƙofar masallaci, wani makon ba na sake buɗe baki da mutum sai Litinin, in ban da mai kanti da ke tambayata ko ina son leda. Har rediyo nake kunnawa ba don in saurara ba, don dai in ji murya a ɗakin. Kewarku ta dame ni ƙwarai, kuma ina jin kunyar in faɗa wa mamanku, don ita ma tana fama da nata.

Da yake ba ni da wanda zan tambaya, sai na tambayi waya. Na yi ta kallon wasu ƙattin Amurkawa cikin jiragen ruwa masu ƙyalli suna ciro wani kifi da suke kira bass, suna bayanin yadda ake yaudararsa in sanyi ya fara ja baya. Na yanki lasisi, na shiga kantin kayan fatsa na kwaso irin abin da na gani: kifayen roba manya masu launin tsanwa da ja, wasu da ƙararrawa a ciki, wani mai farfela kamar fanka. Na ɗauki sabuwar sandar fatsata na nufi kanal, wato hanyar ruwan nan da suka haƙa tun zamanin masaƙu, wadda ta ratsa bayan unguwarmu. Watan Maris ne. A littafi an ce mana bazara ce, amma duk wanda ya fassara ta haka bai taɓa tsayawa bakin ruwan Salford iska na yanka masa kunne ba. Na yi ta jifa ina naɗewa da sauri kamar ana korata. Abin da na ciro a makon farko leda ce da wani tsohon takalmi.

Akwai wani dattijon Bature da kullum nake tarar da shi kusa da gada, kan 'yar kujerarsa ta naɗewa, da hular ulu har gira. Sunansa Denis, tsohon makanikin bas ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Da farko kallona kawai yake yi ta gefen ido. Ran da na jefa mai ƙararrawar nan ta faɗa ruwa kamar an jefa guduma, haƙurinsa ya ƙare, ya taso ya leƙa akwatina. Ya tambaye ni me nake nema da waɗannan. Na ce bass. Ya yi dariya har da tari, ya ce tsakanina da wanda na gani a waya akwai teku guda, abin da ke cikin kanal ɗin nan wani ne da ake kira perch, mai baƙin zane a jiki da jajayen fikafikai. Raina ya ɗan sosu, ba na son a yi mini dariya, amma na danne, don mai nema ba ya fushi.

Shi ya koya mini duk abin da na sani. Ya ce in ruwa ya yi sanyi kifi malalaci ne, yana kwance a ƙasa, ba zai bi abin da ke gudu ba. Ya ba ni wani ɗan kifin roba mai laushi, bai wuce ƙaramin yatsa ba, launin ƙasa-ƙasa, a soke jikin ƙugiya mai ɗan dalma a kai. Ya ce in ruwa ya yi garau in sa mai duhun launi, in jirgi ya wuce ya dama shi in canja mai haske. Ya nuna mini inda suke fakewa: gindin gada, bakin ƙofar da ake tare ruwa, da jikin bangon bulon da rana ke duka bayan azahar, don nan ruwan ya fi ɗumi. A jefa, a bari ya nutse har ka ji ya taɓa ƙasa, a ɗan girgiza bakin sanda sau ɗaya, sannan a tsaya. Tsayawar nan ita ce aikin, in ji shi, kuma ita ce ta fi ba ni wahala. Yakan dafa mini hannu ya ce ban da gaggawa. Ya ce ba fizga zan ji ba, wani ɗan motsi ne a zare kamar an taɓa shi da farce, kuma a lokacin da abin ke kwance shiru yake zuwa.

Ba mai surutu ba ne, ni ma haka. Sai mu yi awanni muna zaune ba wanda ya ce uffan, amma shirun nan daban yake da na ɗakina. A mako na biyu na lura ya fara zuwa da kofi biyu. Ya kasa faɗin Haruna daidai, sai ya yanke shi ya koma Harun, ni kuma in ce masa Dattijo, na fassara masa ya ji daɗi. In lokacin la'asar ya yi na shimfiɗa rigar ruwata a ciyawa, yakan riƙe mini sanda har in sallame. A duk ƙasar nan, a shekarar nan, shi kaɗai ne mutumin da in ban zo ba zai tambayi ina na shiga. Duk da haka ban gaya masa zancen Baba ba. Ta ina zan fara gaya wa mutum cewa ni jikan masunta ne, ga furfura ta fara fito mini, amma ban taɓa kama kifin kirki ba?

Na sha ganin yana ciro kifi ya cire ƙugiya a hankali ya mayar da shi ruwa. Ni ma na kama ƙanana biyu ko uku na mayar. Abin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, don mu ma a gida masuncin kirki ba ya ɗaukar 'ya'yan kifi, yakan bar su su girma. Wata rana ya mayar da wani da a Yawuri zai yi miyar mutum biyu, na ce a raina lallai tsohon nan yana da zaɓe, babba yake jira. Ko a mafarki ban kawo cewa akwai mutanen da za su sha sanyi tun safe, Allah ya ba su kifi, su duba shi su ce ya koma ba. Ban tambaya ba, shi ma bai ga abin da zai bayyana ba, don a wurinsa kowa ya san haka.

Ana saura 'yan kwanaki Nura ya tashi, hankalina ya soma tashi, don ba zan aika wa Baba abin da bai kai tafin hannu ba a yi mini dariya har tsallaken kogi. Ranar wata Asabar da rana ta ɗan leƙo, Denis ya tashe ni daga inda nake ya kai ni wani lungu a bayan gada inda wani tsohon jirgi ya nutse rabi. Ya ce shekarunsa da yawa yana zuwa nan, bai taɓa nuna wa kowa ba. Na jefa a jikin jirgin, na bari ya nutse, na girgiza, na tsaya. Na daɗe a tsaye har na fara tunanin ƙugiyar ta maƙale. Sai na ji ɗan motsin nan. Da na ɗaga sanda ta lanƙwashe, abin ya ja ƙasa da ƙarfi, Denis yana gefe yana ta ce mini a hankali, a hankali. Shi ne ya zura ragarsa ya ɗauko mini kifin. Tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, ciki ya cika tam, zanen jikinsa baƙi wuluk. Tsohon ya sunkuya yana duba shi cike da murna. Ya ce ya san ta, mace ce, ya taɓa kama ta sau ɗaya a wani hunturu, ya nuna mini wata tsohuwar tsaga a wutsiyarta. Ya juya yana laluben waya a aljihu don ya ɗauke mu hoto.

Ni kuwa na yi abin da na ga ana yi tun ina yaro. Na ɗauki guntun bulo, na yi bisimilla, na buge ta a ka don kada ta wahala.

Da ya juyo ya gani bai yi ihu ba. Ya tsaya da wayar a hannu, fuskarsa ta yi fari fat.

"Me ka yi, Harun? Cikinta ƙwai ne fal."

Na ce kifi ne Allah ya ba ni, kuma ina da inda zan kai shi. Ya ce a nan ba a kashe su, doka ma ta hana ɗauka daga kanal, kowa mayarwa yake yi. Zuciya ta ɗebe ni, kun san halina. Na ce to wane irin su ne wannan, a huda bakin dabba don wasa a sake ta, sannan a ce wanda zai ciyar da mutum da ita shi ne mugu? Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Ni na nuna maka inda take kwana."

Ya naɗe kujerarsa, ya kwashe kayansa ya tafi. Da na kira shi in gaya masa zancen Baba, bai waiwayo ba, ni kuma girman kai ya hana ni bin sa. Har yau in kun tambaye ni ba zan ce na yi zunubi ba, kifi halal ne kuma ba don wasa na kashe shi ba. Amma na ga abin da na yi wa tsohon nan, kuma na ji zafinsa tun a wurin.

Na gyara kifin na sa gishiri, na sayi 'yar tukunyar gashi ta gwangwani da gawayi, na zauna a tsakar bayan gida ina masa banda da ɗanyen itace kamar yadda Inna ke yi, maƙwabciya tana leƙe ta labule. Da ya bushe na naɗe shi a takarda da leda ninki-ninki na hau bas zuwa Birmingham, yana kan cinyata duk hanya. Nura yana zaune a unguwar Lozells, a wani gida da suka haɗa da wasu ɗalibai. Da ya buɗe ledar ƙamshin ya cika falon, ya dube ni kamar na taɓu.

"Yaya, seriously? Kifi zan ɗauka daga UK in kai Yawuri? Duk luggage ɗina zai yi wari fa."

Abokansa suka yi ta dariya, ɗaya ya ce in kwastan sun tambaya ya ce musu tsarabar London ce. Na bar su suka gama, sannan na faɗa wa Nura na wane ne da dalilinsa. Sai ya fitar da takalma biyu daga jakar ya sa kifin a tsakiyar kayansa. Allah ya yi wa yaron nan albarka, bai ba wa kowa saƙo ba, da kansa ya shiga mota daga Birnin Kebbi ya kai.

Ina wurin aiki Yaya Mamman ya bugo, na fita filin ajiye motoci na ɗauka. Ya ce Baba ya shafa kifin tun daga kai har wutsiya, ya ƙirga ƙayoyin bayansa da yatsa, ya ce wannan ɗan'uwan giwan ruwa ne, sai dai sanyi ya hana shi girma. An yi masa romo ya sha, har ya nemi ƙari. Sannan aka sa masa wayar a kunne. Ya ambaci sunana da na kakana, ya ce Allah ya yi mini albarka a ruwa da tudu, ya ce yau na shiga cikin 'yan'uwana. Na tsaya tsakanin motocin mutane ina kuka kamar yaro, ban damu da wanda ya gan ni ba. Ina shirin yin godiya sai ya ce:

"Wa ya riƙe maka hannu?"

Na ce wani dattijo ne Bature.

"To na biyu nasa ne. Haka muke yi. Ka kai masa, ka durƙusa ka yi godiya. Kada ka ci masa hakki."

Wannan rabin al'adar ban taɓa jin sa ba, na bar gida kafin a kai ni nan. Na ce to, Baba.

Na koma kanal sau biyu ba tare da sanda ba. Denis ya bar gindin gada ya koma tsallaken ruwa. Na yi masa sallama daga nan, ya ɗan gyaɗa kai ya ci gaba da kallon zarensa. Na ƙi zagayawa in same shi, shi ma bai kira ni ba. Daga nan na jingine sandar a bayan ƙofa, Asabar da Lahadi suka koma yadda suke a da, har sun fi da nauyi, tunda yanzu na san abin da na rasa. Duk Juma'a Baba sai ya tambaya ko na kai, in ce ban kama ba tukuna, ya ce ruwa ba ya son mai gaggawa. Da damina ta yi nisa a gida ya rasu. Fasfona bai fito ba, a ɗakin nan na karɓi gaisuwa ta waya, ba wanda ya shigo ya zauna da ni.

Umarnin mai rai kana iya ja masa rai, na mamaci ba ka da wanda za ka ba haƙuri. Da sanyi ya dawo na ɗauko sandar na koma. Na yi Asabar da dama ina zuwa ina dawowa hannu rabbana, Denis yana tsallake, ina ganin sa yana ganina. Wata ranar da rana ta bugi bangon bulo na ji motsin a zare, na ciro shi ni kaɗai, ba raga, da hannu na kamo shi. Bai kai na farko ba, amma kifin kirki ne, wanda ba za a ji kunyar kai wa malami ba. Na tsaya riƙe da shi yana numfashi a hannuna, ina tunanin yadda ake kai wa irin wannan mutum kifi. Na ɗaga murya na kira sunansa. Ya ɗago. Na ɗaga kifin sama da hannu biyu har na tabbata ya gani da kyau, na ce masa wannan nasa ne. Sannan na durƙusa a bakin kanal ɗin, gwiwoyina cikin laka, na sa kifin a ruwa na riƙe shi har ya motsa wutsiya ya zame ya tafi. Na ce na gode da Hausa, don da ita aka aike ni.

Ya dube ni. Can ya ce:

"Nice fish, mate."

Wato kifi mai kyau, aboki; haka suke ce wa duk wanda suka gani da kifi a bakin ruwa, ko ba su taɓa ganin sa ba. Ya mayar da idonsa kan zarensa. Na jira a durƙushe ko zai ƙara wani abu, har sanyin lakar ya ratsa wandona, sannan na tashi na naɗe zarena na kama hanyar ɗaki. Ba mu sake magana ba.